Mai Tuƙa Polentar Gidanmu

Ovaro, 3 ga Nuwamba, 1974

Zuwa ga Yayata Dosolina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya sanyin Swizalan?

Yaya, tambaya gare ni. Tun da muka binne Mama, Baba bai ci tuwon polentar da na tuƙa ya ƙoshi ba. Garin masarar bai canja ba, tukunyar tagullar ita ce dai, babu gudaji ko ɗaya. In na juye a katako na yanka da zare, sai ya yi loma biyu da cuku ya ture. Ya rame sosai. In na tambaye shi, sai ya ce, "Ba komai, 'yar nan."

Me Mama ke sakawa ne? Madara? Man shanu? Kuma me ya sa take korar mu waje ta rufe ƙofa duk lokacin tuƙi?

Ƙanwarki,
Nives

Ovaro, 24 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Wasiƙarki ta iso, ashe ke ma ba ki sani ba. Sai na tambayi maƙwabciyarmu, Inna Teresina. Ta yi dariya har da tari.

"Wace madara! Uwarku da kafaɗarta ta goce tun kina goye, ina ta ga ƙarfin tuƙin minti arba'in? Ta tagata nake hango ubanku da muciya, gumi sharkaf. Gudun tsiyar abokansa yake yi."

Shekara talatin, Yaya, muna yabon hannun Mama!

Jiya na zuba gari a tafasasshen ruwa, na dafe kafaɗa na ce, "Wash, Baba, hannuna!" Ya daɗe yana kallona.

"Ƙarya ma ba ki iya ba. Da dama kike tuƙi, kin dafe hagu. Matsa."

Ya naɗe hannun riga ya karɓi muciyar. Yana tuƙi yana ba ni labarin yadda Mama ke zama a kan buhun gari tana yi masa faɗan ya cika gaggawa. Tun rasuwarta bai ambaci sunanta ba sai jiya. Ya ci yanka uku, ya kankare ƙanzon.

Da zai fita ya ce, "Gobe ki ɗora ruwa da wuri. Kuma kada Dosolina ta ji."

Don haka ba ki ji komai ba. A shafa min kan yara.

Taki har kullum,
Nives