Kujerar Shiru da Ajina Mai Ayyuka Arba'in da Uku

Litinin, 1 ga Satumba

Yau wannan ofis mai rubuta manhajar sayar da tikitin mota ya yi gamon katar da ma'abocin digiri mai daraja ta ɗaya. Oga ya ce gwajin mako uku za a yi mini. An ba ni ajin Tikiti in tsara, wato sashen manhajar da ke ɗauke da bayanan tikiti da ayyukan da ake yi a kansa. Teburina yana kusa da firinta, abin da na ɗauka kuskuren gudanarwa ne.

Suna da wata ɗabi'a mai suna kujerar shiru. Mai aji zai zauna baki gum, wani ya yi amfani da ajin cikin minti goma sha biyar, da sharhin da aka rubuta a kansa kaɗai. Wanda ya faɗi sau biyu, sai wata rana. Na yi murmushi irin na masana.

Laraba, 3 ga Satumba

Na bincika tsohon ajin. Anti ce ta rubuta shi shekara takwas da suka wuce, wata ma'aikaciyar ofishin mai tabarau da ba ta cika kalma biyar a zance. Sharhinta abin tausayi ne. A saman aikin riƙe kujera ta rubuta: "Yana riƙe kujera. Kada a kira shi sau biyu." Shi ke nan! Ba gabatarwa, ba falsafa. Na goge.

Juma'a, 5 ga Satumba

Na haɗe Tikiti da Fasinja da Mota cikin ƙasaitaccen aji guda, Cibiyar Gudanar da Al'amuran Sufuri. Ayyuka arba'in da uku. Sharhin aikin farko kaɗai sakin layi huɗu ne, ya fara da tarihin tafiye-tafiyen ɗan Adam. Anti ta leƙa, ta ce, "Ƙanena, littafi ne?" Hassada ba ta da shekaru.

Lahadi, 7 ga Satumba

Mama ta gaya wa duk maƙwabta cewa ɗanta injiniya ne. Ban musa ba.

Talata, 9 ga Satumba

Kujerar shiru. Ta roba ce, ƙafa ɗaya na rawa.

Dogo aka ba aikin, wanda teburinsa ke bakin taga. Minti tara ya ɓata yana neman aikin riƙe kujera cikin arba'in da ukun, domin na sa masa suna Tabbatar da Mazauni. Da ya samu, ya karanta sharhina da ƙarfi, da muryar mai labarai a rediyo. "Wannan aiki ginshiƙi ne a cikin ginshiƙai." Ya juyo: "Farfesa, ginshiƙin me ake ba shi, me yake mayarwa?" Na buɗe baki, Oga ya ɗaga yatsa.

Dogo ya kira aikin, bai ga komai a allo ba, sai ya sake kira. Kujera ta bakwai ta tafi ga fasinja biyu. Dogo ya ce ai ba komai, ɗaya ya ɗauki ɗaya a cinya. Har mai gyaran firinta ya yi dariya.

Anti ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi, "Da akwai gargaɗi a wurin."

Saura dama ɗaya.

Laraba, 10 ga Satumba

Matsalar ita ce ƙarancin karatu a tsakanin al'umma.

Asabar, 13 ga Satumba

Domin in tabbatar da hakan, na karanta wa Mama sharhin tana ninke kayan wanki. Ta saurara har ƙarshe, Allah ya saka mata. Sannan ta ce, "Ya yi daɗi, ɗana. To shi abin me yake yi?"

Na ce yana riƙe wa fasinja kujera minti goma, in bai karɓi tikiti ba ya sake ta.

"Au! To me ya hana ka faɗi haka? Ni na zaci wa'azi ne."

Na bayyana mata cewa harshen ilimi daban yake. Ta miƙo mini zanen gado ta ce in kama gefe, Injiniya. Na kama.

Litinin, 15 ga Satumba

Na raba Cibiyar gida uku, Tikiti, Fasinja, Mota, bisa wani nazari mai zurfi da na yi ni kaɗai. Cewa haka Anti ta raba su tun asali, dacewa ce kawai.

Kowane aiki layi uku: abin da yake yi, abin da ake ba shi, abin da yake mayarwa. Tarihin tafiye-tafiyen ɗan Adam na adana shi a wani fayil. Wata rana duniya za ta nema.

Laraba, 17 ga Satumba

Na je teburin Anti, ba don tambaya ba, don musayar ra'ayi. Na ce me ya sa aikin ba zai ƙi kira na biyu da kansa ba? Ta cire tabarau ta dube ni. "Shekara takwas ina cewa gobe. Gyara." Na gyara, layi biyar. Ta karanta sharhin, ta goge "alal haƙiƙa" guda biyu, ta bar mini ɗaya. Ta ce sadaka.

Juma'a, 19 ga Satumba

Kujerar shiru karo na biyu. Minti shida. Dogo ya riƙe kujera, ya sake kira don mugunta, manhaja ta ce an riga an riƙe. Ko sau ɗaya bai waiwayo ni ba. Ina zaune a kujerar nan da jawabai cike da baki, ba wanda ya buƙace su. Wani iri na ji, amma ba baƙin ciki ba ne.

Oga ya ce in kawo hoto biyu ranar Litinin don katin aiki.

Na roƙi Anti ta duba mini ajin Fasinja kafin kowa ya gani. Girmama manya ne kawai, kada a fassara shi da wani abu.