Sari Talatin da Huɗu a Akwatin Surukina

Apa Shirin, babbar yaya, don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Ni da maigidana Tofazzal mun shirya mayar da ƙaramin ɗakin da ke jikin namu ma'ajiyar tufafi, irin wadda mutum zai shiga ya zaɓi kaya a tsaye. Kafinta har ya auna bango. Muna kwashe tarkace sai ga akwatin ƙarfe na surukina, Abba. Tsohon masaƙi ne daga garin Rupganj, yanzu hannunsa rawa yake, ko shayi sai an riƙe masa. Ya ce in buɗe.

Apa, zannuwan sari ne, na saƙar hannu mai shara-shara da ake kira jamdani, har talatin da huɗu! Ashe kowace shekara ta aurensu sai ya saƙa wa matarsa, marigayiya Amma, ɗaya. Na ɗaga guda, ina hango tafin hannuna ta cikinsa, furannin da aka saƙa a jikinsa kamar a iska suke tsaye. Zama na yi a ƙasa. Shekara shida ina zuba wa bawan Allahn nan shinkafa da kifi, ban san ko wane ne ba.

Abba ya ce, "'Yata, ba don akwati na saƙa su ba, ki riƙa ɗaurawa." Tofazzal kuwa ya kafe sai a rataye su a kabad na gilashi da fitilu, kada kowa ya taɓa kayan mahaifiyarsa. Ni ko taɓawa tsoro nake ji. Ga damina ta kusa, bango ɗaya kuma jikin banɗaki yake. Yaya zan yi?

Mai Fargaba, Narayanganj

Ƙanwata,

Mijinki ba rigima yake ba, kewar uwa ce, ki bi shi a hankali. Amma fitila tana kashe launi, rataya tana yaga zare mai laushi. Ki sa kafinta ya yi aljihunan kabad masu faɗi marasa zurfi, nesa da bangon banɗaki, ya bar kafar iska. Kowane sari a naɗe shi cikin farin yadi da busasshen ganyen darbejiya, a sake ninki duk wata uku.

Tofazzal ya zaɓi guda ɗaya da ya fi tuna masa da Amma, wannan a ajiye ba ɗaurawa. Sauran, ki bi maganar wanda ya saƙa.

Ki kuma sa kujera a ɗakin. Ki zaunar da Abba, ki ɗaga masa su ɗaya bayan ɗaya, ya gaya muku shekarar kowanne, ku rubuta. Wannan kada ya jira kafinta, ku fara gobe.

Allah ya jiƙan Amma, ya ƙara wa Abba lafiya.

Apa Shirin