Rijiyoyin Wurno

Karshi, 3 ga Maris

Ɗana Tawfiq,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyalinka. Yau mako bakwai ke nan da ka kwashe kwalayen katantanwata ta zamanin da, wadda ta zama dutse, waɗanda na tono a ƙasar Wurno tun kafin ka shiga ajina a jami'a. Ka ce Farfesa Patricia ta Faransa da abokan aikinku na Yamai da Bamako za su gwada su da nasu, don a san yadda tekun da ya taɓa ratsa Sahara ya shigo, da yadda ya janye. Na yarda. Littafin aikina kuwa, na faɗa maka ba ya fita daga gidan nan, kuma ban sauya ba.

Har yau ban ga shafi ɗaya na sakamakon bincikenku ba. Sau biyu na shirya zuwa ofishinka, cunkoson Nyanya ya mayar da ni. Kada ka kira ni a waya. Ka rubuto.

Malamarka,
Dakta Safiyatu

Abuja, 9 ga Maris

Mama,

Ina gaishe ki da girmamawa, Allah ya ƙara lafiya. A gafarce ni. Ga daftarin, kuma akwai albishir. A Nijar da Mali, katantanwar ruwa mai zurfi na ƙasa, ta bakin gaɓa na sama, wato teku ya yi ta janyewa. Naki kuwa akasin haka ya nuna. Mun jera kwalayen bisa lambobin da ke jikinsu, daga lamba ɗaya a ƙasa zuwa sha huɗu a sama, kamar yadda aka saba, sai ga tekun Sakkwato yana ƙara zurfi a lokacin da sauran ke ƙafewa. Patricia ta ce shekara talatin ba ta ga irin wannan ba. Sunanki ne a farko. Ranar Juma'a za mu tura wa mujalla.

Ɗanki,
Tawfiq

Karshi, 11 ga Maris

Tawfiq,

Gaisuwa. Ka dakatar da takardar nan.

Kwana biyu ina zagaya tsakar gida da daftarinka a hannu. Na zauna in rubuta maka sau uku, na tashi. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin yin shiru. Shekarata saba'in da huɗu, ban taɓa ganin sunana a farkon komai ba.

Ban tono katantanwar nan a jikin tsauni ba, inda mu masana muke ƙirga shimfiɗun dutse daga ƙasa zuwa sama. A lokacin ba a ba mace mota da ma'aikata, sai na bi mahaƙa rijiya ƙauye-ƙauye. Shugabansu, Malam Yamusa, yana ciki yana cika guga, ni ina baki ina tsince abin da ya fito. Su da gaba suke awo, wato tsawon hannu biyu a miƙe, daga bakin rijiya zuwa ƙasa. In ya ɗaga murya ya ce gaba uku, sai in rubuta uku a kwali. Lamba ɗaya ita ce sama, sha huɗu ita ce gindin rijiya. Kun kifar da tarihin. Tekun Sakkwato ya janye tare da 'yan'uwansa, babu wani sabon abu.

Wannan bayani yana shafin farko na littafin da na hana ka. Ban sa shi a jikin kwalayen ba domin ban taɓa zaton wani zai taɓa su in ba ni ba.

Safiyatu

Abuja, 12 ga Maris

Mama,

Barka da war haka. Na dakatar. Patricia dai na ce mata akwai gyara, ban faɗi ko mene ne ba, sai tambaya take. Ranar Litinin da ƙarfe goma za mu yi taro ta bidiyo, mu duka ƙasashe huɗu. Ina roƙon ki bar ni in ce ni na karanta lambobin a juye. Ni yaro ne a aikin nan, gobe za a manta. Ke kuwa mutanen nan sun daɗe suna ambaton sunanki da girma, ba na son ranar da za su fara ganin fuskarki ta zama wannan.

Ɗanki mai biyayya,
Tawfiq

Karshi, 13 ga Maris

Ɗana,

Na gode, Allah ya yi maka albarka. Amma ban koya maka haka ba, kuma ban yi tsufan da wani zai ɗaukar mini kuskurena ba. Ka ajiye mini kujera a gaban na'urar, ka gaya wa Patricia ni zan fara magana. Kada ka turo mota, na san hanya.

Malamarka,
Safiyatu