Abin da na zuba a ciwon Baba

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a jami'a a nan Sakkwato, ina bincike kan ƙwayoyin cutar da ke zaune a fatar kowa. Su kan yi wani yauƙi su lulluɓe kansu, kamar santsin cikin randa, sai magani ya kasa kai musu. Aikina shi ne gwada wani sinadari, enzayim, da ke narkar da yauƙin a cikin farantin gwaji. A gida Dakta ake ce mini, ni kuma kaina ya kumbura.

Babanmu ya karye a hanyar Kalambaina, aka sa masa ƙarfe a ƙauri. Wata biyar wurin yana ruwa, ya sha magani har ya gaji, likita ya ce ƙwayoyin sun yi yauƙi a jikin ƙarfen. Da na ji haka sai na ce ai wannan sana'ata ce. Na ɗebo enzayim ɗin a ɓoye daga lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, kwana uku ina ɗiga masa in na zo wanke ciwon. Wallahi so nake in ga ya taka zuwa masallaci.

Rana ta huɗu zazzaɓi ya kayar da shi, yanzu yana kwance a asibiti, an ce cutar ta shiga jini. Sai daga baya na karanta cewa in yauƙin ya narke ƙwayoyin na iya watsewa cikin jiki. Ban san ko shi ne sanadi ba, amma tsoro ya hana ni ko cin abinci.

Yaya Bello, babban wanmu, ya ɗora laifin kan Gwaggo, ƙanwar Baba, don ta taɓa kawo zuma daga Wamakko ta shafa masa. Sun yi ba daɗi, ya hana ta zuwa asibitin, ta tafi tana kuka, ni kuwa na bar laifin a kanta.

Jiya likita ya tambaya ko ban da zumar an sa wani abu, ya ce yana bukatar sani kafin su yanke shawarar cire ƙarfen. Baba ya san komai, a gabansa nake ɗigawa. Ya dube ni, sannan ya ce wa likita, "Ba a sa komi ba. Ɗiyag ga tawa ita ka wanke min shi, kuma ta san aikinta."

In na faɗa, za a iya kora ta daga makaranta, Yaya kuma ba zai sake kallona ba. In na yi shiru, mutumin da bai taɓa ƙarya a gabana ba ya yi ta saboda ni, kuma da ƙafarsa zai biya. Gobe da safe likitan zai dawo. Jama'a, wa zan fara faɗa wa, likita, Yaya, ko Gwaggo?