Mayafin da ke kan allo

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin Mama? Ni ƙalau nake, sai dai abin da ban gaya wa kowa ba: an kayar da ni a zanen ƙarshen zango. Kada Mama ta ji.

Wata biyu ina zana mayafinki da fenti, kamar an rataye shi a kan allo. Malam ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Ke, mayafi kika kawo mana? Ina aikin?" Ya ba ni sifili, ko taɓawa bai yi ba. Da a littattafan soyayyar da nake karantawa ne, da yarinyar ta tare shi, ni kuwa ƙafafuna na kalla.

Na rubuta masa takarda, na ce ya zo ya ɗauke mayafin da kansa. Kwananta uku a jakata. Gobe zan miƙa masa.

Ƙanwarki