Shinkafa da Wake Mai Karan Dafi

Zuwa ga Maman Ramatu,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta wannan ba. Ko da kina raye ma, yaushe kika taɓa sauraren maganata har ƙarshe?

Yau kwana hamsin da rasuwarki, kin bar ni da aiki. Ramatunki cikinta wata takwas, ta rame kamar sillen kara. Tuwo ba ya shiga, fate ba ya shiga. Ita dai shinkafa da waken uwarta, irin na Kumasi. 'Yan'uwanki kuwa sun dame mu da waya, wai a turo ta Gana ta haihu, tunda ba ta da uwa a Zariya. Ni da na goya ta, itace ce ni?

Laifinki ne. Tun da Malam Idi mai goro ya auro ki ya kawo ki Ƙofar Jatau, shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba ki iya ce mini "ke" ba, kullum "kai", sai ka ce wani gardi. Na gyara har na gaji. Sannan wa ya taɓa jefa karan dafi a tukunya? Mu nan dukawa ke rina fata da shi. Na sha gaya miki ni ba takalmi ba ce, ki daina aiko mini da jan abincin nan.

To, bari in faɗa miki gaskiya. Duk kwanon da na ce yara na ba, ni nake cinyewa a uwar ɗaka, har da baƙin yajin nan naku mai kifi. Sau nawa kika ce in zo in ga yadda ake yi? Girman kai ya hana ni. Ke ma da taurin kanki, ba ki ja ni da ƙarfi ba.

Tukunya uku na ɓata wajen gwada dafa irin naki. Ta farko ta yi baƙi ƙirin, ta biyu kanwa ta yi yawa, ta uku ko awaki sun ƙi. Haba, baiwar Allah, kanwar ake fara sawa ko karan? Wa zan tambaya a duk birnin nan?

Jiya na kai wa Ramatu ta huɗu. Ta ɗanɗana, ta ce ko kusa bai yi kamar naki ba. Na ji kamar in kwashe kwanona in tafi. Sai ta fashe da kuka, tana kuka tana ci, har ta sharce kwanon da yatsa. Da azahar ta kira Kumasi a gabana, ta ce kada kowa ya wahala, a ɗakina za ta yi wankan jego.

Ina kewarki ƙwarai, kuma har yanzu haushinki nake ji. Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki. Ramatu kuwa ki bar mini ita.

Maƙwabciyarki ta bayan katanga,
Binta