Rassan Kameliyar Baba

Phung Cong, watan Satumba

Zuwa ga ƙanena Quy,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Hanh da yara. Yaya zafin Saigon, yaya aiki? Mu ma muna nan, sai dai gwiwar nan tawa da ka sani.

Na zaɓi in rubuto ne don a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ambaliya ta janye, ta bar mana laka a tsakar gida, amma ɗakuna ba su yi komai ba. Abin da ya dame ni bishiyar kameliyar nan mai jan fure da marigayi Baba ya dasa a shekarar da ya auri Inna. Ta daɗe tsaye cikin ruwa, ganyenta yana ta yin ɗorawa yana zuba. Kawu Bach maƙwabcinmu ya tona gindinta ya shinshina, ya ce saiwar ta ruɓe, in ba na son irinta ya ɓace to in yanki rassa tun da sauran ɗanye.

Na yanka. Na zaɓi rassan bana da suka fara ƙwari, kowane kamar tsawon yatsa, na bar masa ganye biyu, na rage ganyen rabi. Na soka su a tukwanen yashi da ƙonannen buntun shinkafa, na rufe da leda, na jera a inuwar bayan kicin. A tsugunne na yi aikin, da na gama sai da na dafa bango na miƙe.

Inna ba ta yarda bishiyar mutuwa take ba. Wai hutawa take yi. Ban musa mata ba.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Yayarka,
Thoa

Phung Cong, watan Nuwamba

Ƙanena Quy,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Hanh. Yaya tarin ɗan autanku, ya lafa?

Garin maganin saiwa da ka aiko ya iso, na gode, sai dai ya zo bayan kasuwa ta watse. Shawarwarin da ka tsinto a wayarka su ma na ji.

Fiye da rabin rassan sun yi baƙi sun mutu, kuma na gano dalili. Ashe duk safiya in na tafi cefane, Inna sai ta ɗaga leda ta zare su ɗaya bayan ɗaya, ta duba ko sun yi saiwa, ta mayar. Da na kama ta ko a jikinta. Cewa ta yi, “Ke dai ba ki gaji hannun ubanki ba. Shi ko tsinke ya soka a ƙasa sai ya tsiro.” Na ce mata shi ai ba a bin bayansa ana tuge masa. Ranar ko miya ta ƙi sha, wai na yi mata rashin kunya. Na kai sauran tukwanen gidan Kawu Bach, yanzu kullum sai na tsallaka in yayyafa musu ruwa.

Mantuwarta tana ƙaruwa, Quy. Shekaranjiya ta ɗora tukunyar shinkafa a wuta babu ruwa. Ba na iya yin nisa da ita. Likita ya ce gwiwata sai an yi aiki, na tambaye shi wa zan bar wa tsohuwa, ya ci gaba da rubutunsa. Wani lokaci nakan zauna a bakin rijiya in rasa abin da ya fito da ni. Na gaji, ba na ɓoye maka.

Ka ce za ku zo bikin sabuwar shekararmu ta gargajiya. Muna zuba ido.

Taka,
Thoa

Phung Cong, watan Fabrairu

Ƙanena,

Barka da sabuwar shekara, da fatan kun yi biki lafiya. Na ji uzurinka na rashin samun jirgi.

Bishiyar ta bushe. Kafin biki Kawu Bach ya zo da zarto ya sare ta. Inna ta jawo kujera ta zauna tana kallo har aka gama. Bana ne karo na farko da teburin tunawa da Baba ya rasa jan furen gidanmu. Na sayo na kasuwa na ajiye kusa da hotonsa, ta ɗauke ta kai waje, ta ce wannan ba namu ba ne, kada a ruɗa shi.

Rassa uku sun rayu. Na ga farar saiwa ta leƙo ta ƙasan tukunya, ɗaya har ya fid da sabon ganye. Na ɗauko su na nuna mata, na ɗauka za ta yi murna. Ta tambayi yaushe za su yi fure, na ce sai shekara biyu ko uku. Ta shafa ganyen ta ce, “To ki kula da su, ni ba zan gani ba.” Sai ta ce in kai ta ɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Asibiti sun ba ni ranar aikin gwiwa a watan gobe, na karɓa. Zan kwanta a can, in na fito ma ba zan iya ɗaga ko bokiti ba na wani lokaci. Inna tana son shinkafarta da laushi, a kuma riƙa kulle ƙofar gida. Tukwanen a yayyafa musu ruwa da safe, kada a jiƙa su sharkaf, kada rana ta taɓa su.

Na riga na faɗa mata kana tafe. Wannan kam ba ta manta ba, har ta sa na shanya bargonka. In ba za ka zo ba, kai za ka faɗa mata da bakinka.

Ka huta lafiya. A gaishe da Hanh da yara.

Yayarka,
Thoa